Tarihin Mutaz Essa Barshim, zakaran tsallen sama na ƙasar Katar

Mutaz Essa Barshim ɗan wasan tsallen sama ne na ƙasar Katar, wanda ya shafe kimanin shekaru 14, daga 2010 zuwa 2024, yana cikin sahun gaba na masu wannan wasa a duniya.

Shi ne mutum na farko da ya ci lambobin yabo huɗu a tsallen sama a gasar Olamfik, kuma shi ne namiji na farko da ya zama zakaran duniya sau uku a jere a wannan fanni.

Tsallen mita 2.43 da ya yi a birnin Brussels na ƙasar Beljiyam a shekarar 2014 shi ne ya sanya shi a matsayi na biyu a jerin waɗanda suka fi tsalle mai tsawo a tarihin wasan. Mutum ɗaya kaɗai ya taɓa zarce hakan, wato Javier Sotomayor na ƙasar Kyuba, wanda ya tsallake mita 2.45 a shekarar 1993.

Sai dai abin da jama'a da dama suka fi tunawa da shi game da Barshim shi ne abin da ya faru a birnin Tokyo a shekarar 2021, inda shi da abokinsa ɗan ƙasar Italiya, Gianmarco Tamberi, suka amince su raba lambar zinariya a tsakaninsu.

Yadda wasan yake

Tsallen sama na ɗaya daga cikin wasannin guje-guje da tsalle-tsalle da ake yi tun gasar Olamfik ta farko ta wannan zamani, wadda aka gudanar a birnin Athens a 1896.

Akan gitta wata sanda mara nauyi, mai tsawon mita 4, a kan ginshiƙai biyu, a shimfiɗa katifa mai kauri a bayanta. Ɗan wasa zai taho a guje, ya dako tsalle da ƙafa ɗaya, ya haye sandar ba tare da ya kayar da ita ba. Idan ya tashi da ƙafa biyu, tsallen bai karɓu ba.

Kowane ɗan wasa yana da damar yunƙuri uku. Wanda ya kasa sau uku a jere ya fita daga gasar. Ana kuma ƙara ɗaga sandar bayan kowane zagaye, har sai an rage mutum ɗaya.

Idan mutum biyu suka tsaya a tsawo ɗaya, alƙalai kan duba wanda ya fi ƙarancin kuskure a matakin ƙarshe da suka haye. In nan ma sun yi kunnen doki, sai a ƙirga kurakuran da kowa ya yi tun farkon gasar. In har yanzu ba a sami bambanci ba, kuma matsayi na ɗaya ake nema, sai a shiga zagayen raba gardama, inda kowa ke yin yunƙuri ɗaya ana saukar da sandar ko ana ɗaga ta, har wani ya haye wani ya kasa. Dokar ta kuma bai wa 'yan wasan damar su ce sun haƙura da ƙarin tsalle, a bar su a matsayi guda.

Salon da kusan kowa ke amfani da shi a yau Ba'amurke Dick Fosbury ne ya fito da shi fili, lokacin da ya ci zinariya a gasar Olamfik ta birnin Mexico a 1968 da tsallen mita 2.24. Ɗan wasa kan yi gudunsa a karkace kamar lauje, ya juya wa sandar baya, ya tura kai da kafaɗu tukuna, ya lanƙwasa gadon baya a kanta, sannan ya ɗage ƙafafu a ƙarshe. Amfanin hakan shi ne jiki ba ya hayewa gaba ɗaya a lokaci guda. Sashe yana saman sandar, sauran suna ƙasa da ita. Wannan salo bai yiwu ba sai da katifar soso ta maye gurbin yashin da ake faɗawa a kai a da.

Domin a fahimci girman tsallen Barshim, mita 2.43 daidai yake da tsayin ragar ƙwallon raga ta maza, kuma santimita ɗaya kacal ya rage ya kai turken sama na ragar ƙwallon ƙafa, wanda tsayinsa mita 2.44 ne.

Asali da tasowa

An haifi Mutaz Essa Barshim ne a birnin Doha a ranar 24 ga watan Yuni na shekarar 1991, a gidan da ke da asali daga ƙasar Sudan.

Mahaifinsa, Essa Mohamed Barshim, shi ma ɗan wasa ne da ya yi tsere da gasar tafiyar sauri a zamaninsa, kuma shi ne ya fara kai ɗan nasa filin wasa. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ƙaninsa Muamer ya bi sahunsa a tsallen sama, yayin da wani ƙanin nasa, Meshaal, ya zama mai tsaron gidan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasar Katar.

Da farko Mutaz ya gwada gudu da wasu fannoni, kafin ya tsaya a kan tsallen sama yana ɗan kimanin shekaru 15. Daga nan ya shiga makarantar horar da 'yan wasa ta Aspire, wadda gwamnatin Katar ta buɗe a Doha a 2004 domin haɗa karatun boko da horon wasanni. Ya kammala a shekarar 2009, a lokacin tsallensa mafi tsawo mita 2.14 ne.

A shekarar ce ya haɗu da mai horarwa Stanislaw Szczyrba, ɗan asalin ƙasar Polan, wanda ya ci gaba da kasancewa tare da shi a tsawon shekarun da ya yi yana cin lambobi. A ƙarƙashinsa Barshim ya riƙa shafe watanni yana atisaye a ƙasashen Turai, inda aka fi gudanar da manyan gasanni a lokacin bazara.

Barshim dogo ne siriri, tsayinsa kusan mita 1.90. Masu sharhi kan wasanni sun fi danganta nasararsa da saurin gudunsa a takun ƙarshe, da rashin nauyin jiki, da kuma yadda yake lanƙwasa baya a kan sanda, maimakon ƙarfin ƙwanji. Da ƙafar hagu yake dako tsalle.

Fitowa fili

Shekarar 2010 ce ta fito da shi. A watan Yuli ya ci gasar matasa ta duniya a birnin Moncton na ƙasar Kanada da tsallen mita 2.30. A wannan gasa ce ya fara haɗuwa da Gianmarco Tamberi. A watan Nuwamba kuma ya ci zinariya a gasar wasannin ƙasashen Asiya a birnin Guangzhou na ƙasar Sin da mita 2.27, yana da shekaru 19.

A 2011 ya zama zakaran nahiyar Asiya a birnin Kobe na ƙasar Japan da mita 2.35, sannan ya zo na bakwai a gasar zakarun duniya da aka yi a Daegu, a Koriya ta Kudu.

Ya je gasar Olamfik ta birnin Landan a 2012 yana fama da tsagewar ƙashi a ƙasan gadon bayansa, abin da ya rage masa atisaye sosai. Duk da haka ya tsallake mita 2.29, ya raba lambar tagulla da Derek Drouin na Kanada da Robbie Grabarz na Birtaniya. Ivan Ukhov na Rasha ne ya zo na ɗaya da mita 2.38, Erik Kynard na Amurka ya zo na biyu.

Wannan sakamako bai ɗore ba. A 2019 kotun sauraron ƙararrakin wasanni ta duniya da ke birnin Lausanne ta sami Ukhov da laifin amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari, ta soke sakamakonsa na wancan lokaci. A 2021 kwamitin Olamfik na duniya ya bai wa Kynard zinariyar, su ukun da ke biye da shi kuma tagullarsu ta koma azurfa, shekaru tara bayan an tashi daga gasar.

Makonni kaɗan bayan gasar ta Landan, Barshim ya tsallake mita 2.39 a Lausanne, inda ya kamo bajintar nahiyar Asiya da Zhu Jianhua na ƙasar Sin ya kafa tun 1984.

Shekarun mita 2.40

A wurin masu tsallen sama, mita 2.40 ita ce iyakar da ke raba gwanaye da gwanayen gwanaye. Mutane ƙalilan ne suka taɓa haye ta a tarihi.

Barshim ya kai wannan mataki a ranar 1 ga watan Yuni na 2013 a birnin Eugene na ƙasar Amurka. Tun shekarar 2000 babu wanda ya yi irin wannan tsalle a buɗaɗɗen fili. A watan Agusta ya je gasar zakarun duniya a birnin Mosko, ya tsallake mita 2.38, amma ya tarar da gaba da gabanta: Bohdan Bondarenko na ƙasar Yukren ya haye mita 2.41. Barshim ya dawo da azurfa.

Shekarar 2014 ita ce wadda masu bin wasan ke ɗauka a matsayin mafi armashi tun zamanin Sotomayor, domin mutane da dama sun kai mita 2.40 ko fiye a cikinta. A watan Maris Barshim ya ci gasar duniya ta rufaffen fili a birnin Sopot na ƙasar Polan da mita 2.38. A farkon watan Yuni ya haye mita 2.41 a birnin Roma.

A ranar 14 ga watan Yuni, a birnin New York, shi da Bondarenko duka suka tsallake mita 2.42 a gasa guda, abin da ba a taɓa gani ba. Bondarenko ne ya yi nasara saboda ƙarancin kuskure. Dukansu sun nemi a ɗaga sandar zuwa mita 2.46 domin kafa sabon tarihi, amma ba su dace ba.

Sun sake karawa a ranar 5 ga watan Satumba a Brussels, a gasar ƙarshe ta Diamond League ta wannan shekara. A nan Barshim ya haye mita 2.43, ya wuce Bondarenko da Patrik Sjöberg na ƙasar Suwidin, ya zama na biyu a jerin gwanayen duniya na kowane zamani. Nan ma ya gwada mita 2.46, sandar ta faɗi.

Ya rufe shekarar da zinariya ta biyu a gasar ƙasashen Asiya a birnin Incheon da mita 2.35, inda ƙaninsa Muamer ya ci tagulla, 'yan gida ɗaya biyu suka hau dandamalin karɓar lambobi tare.

Daga 2013 zuwa 2018, shekaru shida a jere, babu shekarar da Barshim bai tsallake mita 2.40 ko fiye ba.

Neman babbar zinariya

Duk da irin waɗannan tsalle-tsalle, babbar lambar zinariya ta buɗaɗɗen fili ta daɗe tana kuɓuce masa. A 2015 ya fara shekara da mita 2.41 a rufaffen fili a garin Athlone na ƙasar Ayalan, amma a gasar zakarun duniya ta Beijing ya ƙare a na huɗu da mita 2.33, bai sami ko tagulla ba.

A gasar Olamfik ta Rio de Janeiro a 2016 ya tsallake mita 2.36, Derek Drouin ya haye mita 2.38. Azurfar da Barshim ya karɓa a ranar ita ce ta farko da aka taɓa rataya wa ɗan ƙasar Katar a gasar Olamfik.

Sai a 2017 haƙarsa ta cim ma ruwa. A ranar 13 ga watan Agusta, a filin wasan Landan inda ya ci lambarsa ta farko shekaru biyar da suka gabata, ya zama zakaran duniya da mita 2.35. Danil Lysenko, ɗan Rasha da ya yi wasa ba da tutar ƙasarsa ba, ya zo na biyu, Majd Eddin Ghazal na ƙasar Siriya ya zo na uku.

A duk tsawon wannan shekara ba a doke shi ko sau ɗaya ba. Ya ci kofin Diamond League a karo na uku, bayan na 2014 da 2015. A ƙarshen shekara hukumar wasannin guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya, wadda a lokacin ake kira IAAF, ta zaɓe shi gwarzon shekara a ɓangaren maza.

Rauni da dawowa

A farkon watan Yuli na 2018, a wata gasa a garin Székesfehérvár na ƙasar Hangari, Barshim ya haye mita 2.40 cikin sauƙi, ya sa aka ɗaga sandar zuwa mita 2.46. Yunƙurinsa na farko ya yi kusa ƙwarai, har masu kallo suka fara tashi tsaye kafin sandar ta faɗo. A yunƙuri na uku jijiyoyin idon sawunsa na hagu suka yage, wato ƙafar da yake dako tsalle da ita.

An yi masa tiyata. Ya rasa sauran gasannin shekarar, ciki har da wasannin ƙasashen Asiya na birnin Jakarta, ya kuma yi kusan shekara guda bai shiga gasa ba. Ga mai tsallen sama wannan rauni ne da ke iya kawo ƙarshen sana'a, domin a kan wannan gaɓa ce nauyin jiki gaba ɗaya ke sauka, ya ninka sau da yawa, a daidai lokacin tashi.

Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne birnin Doha ne zai karɓi baƙuncin gasar zakarun duniya ta 2019, karo na farko da aka kai ta yankin Gabas ta Tsakiya, kuma a kan Barshim ƙasar ta fi ɗora fatanta. Da ya dawo fagen wasa a tsakiyar shekarar, tsallensa bai wuce mita 2.27 ba.

An yi wasan ƙarshe a ranar Juma'a 4 ga watan Oktoba a filin wasa na Khalifa. Kwanakin farko na gasar sun sha suka saboda ƙarancin 'yan kallo, amma a daren filin ya cika. Sarkin Katar, Sheikh Tamim bin Hamad Al Thani, yana cikin mahalarta.

A mita 2.33 Barshim ya kayar da sanda sau biyu. Da ya sake kuskure sau ɗaya, da ya fita ba tare da lamba ba. Ya haye a yunƙuri na uku, sannan ya tsallake mita 2.35 da mita 2.37 duk a yunƙurin farko. Mikhail Akimenko da Ilya Ivanyuk, 'yan Rasha biyu, suka tsaya a mita 2.35. Da haka ya zama namiji na farko da ya kare kambinsa na duniya a tsallen sama.

Zinariya biyu a Tokyo

Annobar korona ta sa an ɗage gasar Olamfik ta Tokyo daga 2020 zuwa 2021, aka kuma gudanar da ita ba tare da 'yan kallo ba. An yi wasan ƙarshe na tsallen sama a ranar 1 ga watan Agusta.

Barshim da Tamberi sun haye kowane mataki a yunƙurin farko har zuwa mita 2.37. Maksim Nedasekau na ƙasar Belarus shi ma ya haye mita 2.37, amma ya yi kurakurai a baya, don haka ya tsaya a na uku. Aka ɗaga sandar zuwa mita 2.39, wato bajintar Olamfik da Charles Austin na Amurka ya kafa a Atlanta a 1996. Kowannensu ya gwada sau uku, bai haye ba.

Bayan sama da sa'o'i biyu ana fafatawa, babu abin da ya bambanta mutanen biyu. Alƙalin wasa ya kira su yana yi musu bayanin zagayen raba gardama. Sai Barshim ya tambaye shi ko za a iya ba su zinariya biyu. Alƙalin ya amsa cewa mai yiwuwa ne idan sun amince. Suka dubi juna, suka tafa, Tamberi ya rungume shi yana kuka.

Abotarsu tana da tushe. A watan Yuli na 2016, makonni kaɗan kafin gasar Rio, Tamberi ya ji mummunan rauni a idon sawu a birnin Monaco, jim kaɗan bayan ya kafa bajintar Italiya ta mita 2.39, abin da ya hana shi shiga gasar. Daga baya ya bayyana cewa lokacin da ya dawo a 2017 ya kasa haye ko mataki ɗaya a wata gasa a Paris, ya kulle kansa a ɗakin otal, Barshim ne ya yi ta ƙwanƙwasa ƙofa har ya buɗe, ya ƙarfafa masa gwiwa kada ya yi watsi da wasan. Shekara guda bayan haka Barshim ya gamu da irin wannan rauni. Tamberi ya zo filin Tokyo ɗauke da filastar da aka ɗaure masa ƙafa da ita a 2016.

Jama'a da dama a duniya sun yaba da abin da suka yi, suka kira shi misali na zumunci a fagen wasa. Wasu kuma sun soki lamarin, suna cewa manufar gasa ita ce a fitar da gwani ɗaya, don haka kamata ya yi a ci gaba da tsalle har a sami wanda ya fi. Dokokin wasan dai sun halatta abin da aka yi, kuma an taɓa ganin irinsa: a gasar Landan ta 1908 Amurkawa biyu, Alfred Gilbert da Edward Cooke, sun raba zinariya a tsallen da ake yi da doguwar sanda.

Ga ƙasar Katar, wannan ita ce zinariya ta biyu a tarihinta na Olamfik. Ta farkon ta zo ne kwana ɗaya kafin nan, ta hannun mai ɗaga nauyi Fares El-Bakh.

Daga Eugene zuwa Paris

A watan Yuli na 2022 Barshim ya koma Eugene, garin da ya fara haye mita 2.40, ya ci kambin duniya na uku a jere da mita 2.37. Woo Sang-hyeok na Koriya ta Kudu ya zo na biyu, Andriy Protsenko na Yukren na uku, Tamberi na huɗu.

A gasar Budapest ta 2023 Tamberi ne ya zama zakara da mita 2.36, Barshim ya sami tagulla da mita 2.33. A watan Oktoba na shekarar ya ci zinariyarsa ta uku a gasar ƙasashen Asiya, a birnin Hangzhou, da mita 2.35.

Ya je gasar Olamfik ta Paris a 2024 yana da shekaru 33, bayan ya sanar cewa ita ce za ta zama ta ƙarshe a gare shi. A zagayen share fage jijiyar sha-raɓarsa ta ɗaure yana cikin gudu, ya zauna a ƙasa, Tamberi na cikin waɗanda suka fara isa wurinsa. Shi ma Tamberi ya shiga wasan ƙarshe yana fama da ciwon ƙoda, ya fita da wuri.

A ranar 10 ga watan Agusta Barshim ya tsallake mita 2.34 ya ci tagulla. Hamish Kerr na ƙasar New Zealand da Shelby McEwen na Amurka suka yi kunnen doki a mita 2.36, kamar yadda ya faru a Tokyo. A wannan karo an shiga zagayen raba gardama, Kerr ya yi nasara.

A shekarar ce kuma Barshim ya ƙirƙiro wata gasa ta tsallen sama zalla a Doha, mai suna What Gravity Challenge, wadda ke gayyato manyan 'yan wasan fannin. A 2025 rauni a ƙafa ya hana shi shiga gasar zakarun duniya da aka yi a Tokyo, wadda Hamish Kerr ya lashe.

Matsayinsa a ƙasarsa

Ƙasar Katar ta daɗe tana shan suka a kan yadda take ɗauko 'yan wasa daga wasu ƙasashe, musamman na Afirka, tana ba su takardar zama ɗan ƙasa. Stephen Cherono na Kenya ya koma Saif Saaeed Shaheen a 2003, ya ci wa Katar gasar duniya sau biyu. 'Yan tsere biyu haifaffun Najeriya, Samuel Francis da Femi Ogunode, kowannensu ya taɓa riƙe bajintar Asiya ta gudun mita 100 da sunan Katar.

Barshim kuwa a Doha aka haife shi, a can ya tashi, a makarantar Aspire aka horar da shi. Wannan ne ya sa hukumomin wasanni na ƙasar ke nuna shi a matsayin shaidar cewa kuɗin da aka zuba wajen renon 'yan wasa a cikin gida ya biya. Gidansu ya ƙara samun ɗaukaka a watan Fabrairu na 2024, lokacin da Katar ta doke Jordan da ci 3 da 1 ta ɗauki kofin ƙwallon ƙafa na Asiya, aka kuma zaɓi ƙaninsa Meshaal a matsayin mai tsaron gida mafi ƙwazo a gasar.

A ƙasashen Larabawa, kafin Barshim, Abderrahmane Hammad na Aljeriya ne ya ci lambar Olamfik a tsallen sama, wato tagulla a birnin Sydney a shekarar 2000.

Santimita biyu

Abu ɗaya da Barshim ya nema bai samu ba shi ne bajintar duniya. Javier Sotomayor ya tsallake mita 2.45 a garin Salamanca na ƙasar Sifen a ranar 27 ga watan Yuli na 1993, kuma fiye da shekaru 30 ke nan ba wanda ya kamo shi. Barshim ne ya fi kowa kusantar wannan tsayi, da tazarar santimita biyu.

A ɓangaren mata an sami sauyi. Bajintar mita 2.09 da Stefka Kostadinova ta ƙasar Bulgeriya ta kafa a 1987 ta shafe shekaru 37, kafin Yaroslava Mahuchikh ta Yukren ta haye mita 2.10 a birnin Paris a watan Yuli na 2024. Ta maza tana nan a hannun Sotomayor.

Manyan lambobinsa a taƙaice

Gasar Olamfik: azurfa a Landan 2012 (mita 2.29), azurfa a Rio de Janeiro 2016 (mita 2.36), zinariya a Tokyo 2021 (mita 2.37), tagulla a Paris 2024 (mita 2.34).

Gasar zakarun duniya: azurfa a Mosko 2013 (mita 2.38), zinariya a Landan 2017 (mita 2.35), zinariya a Doha 2019 (mita 2.37); zinariya a Eugene 2022 (mita 2.37), tagulla a Budapest 2023 (mita 2.33).

Gasar duniya ta rufaffen fili: zinariya a Sopot 2014 (mita 2.38), azurfa a Birmingham 2018 (mita 2.33).

Wasannin ƙasashen Asiya: zinariya a Guangzhou 2010, Incheon 2014 da Hangzhou 2023.

Tsallensa mafi tsawo: mita 2.43 a buɗaɗɗen fili, Brussels 2014, mita 2.41 a rufaffen fili, Athlone 2015.